Wuƙar da Tanimu Ya Aiko

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Oko-Oba.
Kafin gari ya waye na wasa adda biyu da wuƙar fiɗa,
ba wanda ya taɓa tambayata takardarsu.
Rabin Agege sun ci tsokar da na yanka.

Sai ga saƙo a waya:
kayanka suna Ikeja, kwastan sun riƙe,
ka zo da katin shaida.

Danfo biyu, gosilo a bakin gada,
ruwan sama ya raka ni har rumfar kaya.
Na zauna a benci tsakanin mai jiran injin niƙa
da wata mai jiran takalman amarya.

Madam Bisola ta farke kwalin da reza.
Ga ta nan kwance cikin auduga,
tsawonta bai kai ɗan yatsana na tsakiya ba.
Ƙotar zaitun, baki a ɓoye,
ta ninke kanta kamar mai jin kunya.
Tanimu ne, daga Santambul,
da albashinsa na farko a shagon ɗinkin jaka.

Madam ta buɗe, ta ce ƙas!
Ta rufe, ta sake buɗewa.
"Tana kullewa," in ji ta. "Makami ce."
Na kusa da ita ya ɗago daga shinkafarsa:
"Ba sifirin, ba ta fita da kanta, kayan aiki ce."
Na uku ya ɗauko rula ya auna kaifin.
Suka yi ta jujjuya wani littafi mai kauri,
ni dai ban ga shafin da suke nema ba.

Na ce, ranku ya daɗe,
waɗanda nake kwana da su sun fi hannuna tsawo.
Madam ta ce, waɗancan a nan aka ƙera su,
wannan ta ƙetare ruwa.
Ashe wuƙa ma tana da fasfo.

Ran Talata na dawo, oga ya tafi Apapa.
Ran Alhamis na dawo, an ɗauke wuta.
Kuɗin kwana yana hawa kamar ruwan Agusta.
Na lissafa a tafin hannu da biro:
mota, fom, hoto, ejan,
sun haura kuɗin wuƙar sau biyu.
Ni mahauci ne, amma yau
wuƙa da nama suna hannun wani.

Zuwa na huɗu na tarar da Ishaya,
tauraro ɗaya a kafaɗa, Hausar Zonkwa a baki.
Bai ja ni da nisa ba.
Ya ce, Baba Sallau, ba a sa mata hannu a sama ba.
Ko a mayar wa mai aikowa, ka biya jirgi,
ko ka sa hannu ka bar ta.

Ya miƙo min 'yar takardar da ke ƙasan kwalin,
rubutun yaron, har yanzu a karkace:
"Baba, wannan ta goro ce da lemo.
Ka huta da manyan."

Na ce, a ba ni aronta na minti ɗaya.
Ishaya ya dubi Madam, Madam ta dubi fanka.

Na zaro farin goro daga aljihu.
Kaifin ya ratsa shi ba gardama.
Ɓari huɗu:
Ishaya, Madam, mai rula,
na ƙarshe na sa a kuncina.
Na goge bakinta da gefen rigata,
na ninke ta da babban yatsa, ƙas.

Aljihun tebur ya rufe.
Na dangwala yatsa a inda aka nuna.

Da dare Tanimu ya kira, layi yana yankewa.
"Ta iso?"
Na ce ta iso.
"Tana ci?"
Na ce, yaro, ka iya zaɓen ƙarfe.